Martani: Dalar Citta Ba Ta Buƙatar Asusu a Dubai

Asusun banki na kuɗin waje iri uku ne. Akwai wanda mutum ko kamfani ke buɗewa a wani bankin Najeriya amma abin da ke ciki dala ce ko fam ko yuro, shi ne 'yan kasuwa ke ce wa asusun dala. Akwai wanda bankin Najeriya da kansa yake riƙe da shi a wani babban banki na New York ko Landan, don ya riƙa karɓa da biyan kuɗi a madadin masu hulɗa da shi. Sai kuma wanda ɗan Najeriya ke buɗewa da sunansa a wata ƙasa, a ƙarƙashin dokokin waccan ƙasa. Wani marubuci da ya yi sharhi kan cinikin citta a Kudancin Kaduna ya cakuɗa ukun nan wuri guda, kuma a kan wannan cakuɗawa ya ɗora shawararsa. Shawarar ita ce 'yan kasuwar citta na Kafanchan da Kwoi da Kachia da Kubacha, har da ƙungiyoyin gama kai na manoma, su buɗe asusu a Dubai ko Landan, masu saye su riƙa zuba musu dala a can, a kuma bar ta can. A ganinsa hakan zai tserar da dukiyarsu daga faɗuwar naira, ya raba su da takurar bankunan gida da ta Babban Bankin Najeriya, ya kuma fitar da dillalai daga tsakanin manomi da mai saye. Damuwar da ta sa shi rubutun gaskiya ce. Maganin da ya bayar ne ba na wannan ciwon ba.

Kuskurensa na farko a kan yadda dala ke tafiya ne. Ya rubuta kamar ana loda ta a jirgi a kawo Legas, banki ya kulle ta a ɗaki, saboda haka wai gara a tare ta tun a hanya. Ba haka ake yi ba. A ɗauka wani kamfani a Mumbai ya sayi kwantenar busasshiyar citta daga wani ɗan kasuwar Kafanchan a kan dala 50,000. Kamfanin zai umarci bankinsa na Indiya ya biya. Bankin zai aika saƙo ta hanyar SWIFT, wato cibiyar saƙonnin bankuna da aka kafa a Beljiyam a 1973, wadda ba ta ɗaukar ko sisi sai umarni. Bankin na Indiya yana da asusun dala a wani banki a New York, shi ma bankin ɗan Kafanchan yana da nasa a can. Sai a rage 50,000 daga wancan a ƙara a wannan. Da bankin Najeriya ya ga shigar kuɗin, sai ya rubuta adadin a asusun dalar ɗan kasuwar. Dalar ba ta bar Amurka ba, kamar buhunan hatsi ne a sito a kasuwar Dawanau, waɗanda za a iya sayar da su sau uku a yini, suna yana sauyawa a littafin mai sito, buhu bai motsa daga inda yake ba.

Ke nan duk mai asusun dala a reshen banki na Kafanchan yana da asusu a waje tuntuni, bankinsa ne kawai ke riƙe masa shi. Haka abin yake ga wanda ya buɗe nasa a Dubai, don shi ma bankin Dubai ta New York yake bi in zai biya dala. Abin da ke sauyawa in an ƙaura da asusu shi ne wace ƙasa ce ke da iko a kan mai kuɗin, wace kotu zai je in an yi rigima, kuma wa zai saurare shi in an rufe asusun.

Sai maganar doka, wadda marubucin ya tsallake kamar babu ita. Ba laifi ba ne ɗan ƙasa mai zaman kansa ya mallaki asusu a waje. Amma kuɗin kayan da aka fitar daga Najeriya hukuncinsu daban ne. Mai fitar da citta sai ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya, NEPC, sannan ya cike fom ɗin NXP ta hannun bankinsa, ya rubuta irin kayan da yawansu da farashinsu da sunan mai saye. Zai biya kuɗin sa ido na kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan, masu bincike su duba su ba shi takardar shaida, hukumar killace tsirrai ta ba shi tata, kwastan su saki kaya. Daga ranar da aka rubuta takardar lodin jirgin ruwa yana da kwana 180 ya dawo da kuɗin cikin asusunsa na kuɗin fitar da kaya a bankin da ya buɗe masa fom ɗin. Masu fitar da mai da iskar gas kwana 90 aka ba su. A farkon 2021 Babban Banki ya umarci bankuna su daina hulɗa da waɗanda suka ƙi dawo da irin wannan kuɗi, a Janairun 2025 kuma ya dakatar da ƙarin wa'adin da a da yake bayarwa. Tallafin da gwamnati ke ba masu fitar da kaya da sassaucin haraji a kan ribar fitarwa duk an ɗaure su da sharaɗin dawo da kuɗin.

To, ta yaya mutum zai bar dalarsa a Dubai alhali fom ɗinsa na nan a buɗe yana jira? Hanya biyu ce kawai. Ko ya fitar da kayan ba tare da fom ba, wanda fasa-ƙwauri ne, ko ya haɗa baki da mai saye a rubuta farashi ƙasa da na gaskiya, a aiko da kaɗan gida a zuba ragowar a waje. Wannan na biyun shi ne abin da shawarar marubucin za ta zama a aikace, ko da bai nufi haka ba, kuma sunansa zamba a takarda. Babban kamfani mai lauyoyi na iya daɗewa yana yi ba a kama shi ba. Ƙungiyar manoma ta ƙauye, wadda kwantena ɗaya ce jarinta gaba ɗaya, ita ce za ta fara faɗawa hannu.

Akwai kuma waɗanda ko kusa da asusun waje doka ba ta yarda su je ba. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamnoni da mataimakansu, ministoci, kwamishinoni da 'yan majalisun tarayya da na jihohi riƙe asusun banki a wata ƙasa, dokar Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuma ta faɗaɗa haramcin zuwa sauran ma'aikatan gwamnati. An gurfanar da Bola Tinubu a Kotun Ɗa'ar Ma'aikata a 2011 bisa zargin irin wannan, kotun ta yi watsi da ƙarar. Zargin ya sake bayyana cikin tuhumar da aka yi wa Bukola Saraki daga 2015, shi ma Kotun Ƙoli ta wanke shi a 2018. Waɗannan manya ne masu ƙarfin shari'a. A Jema'a da Jaba da Zangon Kataf da yawa daga masu gonar citta ma'aikatan ƙaramar hukuma ne da na jiha waɗanda ke noma don cike giɓin albashi, kuma galibi su ake zaɓa sakatare ko ma'ajin ƙungiya saboda sun iya takarda. Wanda ya ce irin wannan mutum ya sa hannu a asusun waje, ya jefa aikinsa da fanshonsa cikin haɗari.

Inda marubucin yake da gaskiya sai a ba shi. Masu asusun dala a Najeriya sun sha wuya. Tun 1985 aka ba da izinin buɗe irin wannan asusu, dokar canjin kuɗi ta 1995 ta ƙarfafa shi, amma hakan bai hana Babban Banki dakatar da zuba tsabar dala a cikinsa a Agustan 2015 ba, sai a Janairun 2016 aka janye. Shekaru da dama ana da farashin dala biyu, na gwamnati da na 'yan canji, kuma mai fitar da kaya ta halastacciyar hanya shi ne ke cutuwa, don dalarsa tana komawa naira a kan farashi mai rauni. Kafin 14 ga Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a hukumance, a hannun 'yan canji kuwa ta haura 700. Duk wanda ya ga wannan tazara zai so ya ɓoye dalarsa. Shi ya sa a 2022 aka fito da shirin RT200, ana ba mai fitar da kaya ladan naira 65 a kan kowace dalar da ya sayar a kasuwar hukuma, wanda amincewa ce a fakaice cewa farashin bai yi adalci ba. Tsoron a wayi gari a mayar da dalar mutane naira ma ba hauka ba ne, don an yi haka a Ajantina a farkon 2002. Sannan inshorar ajiya ta NDIC, ko bayan da aka ɗaga ta zuwa naira miliyan 5 a Mayun 2024, ba ta kai kuɗin kwantena ɗaya ba.

Sai dai yawancin wannan tarihi ne na tsarin da aka riga aka sauya. Daga Yunin 2023 an haɗe kasuwannin canji, mai fitar da kaya yana sayar da dalarsa a kan farashin da suka daidaita da mai saye, tazarar da ke tsakanin banki da 'yan canji kuma ta ragu ƙwarai. Da jita-jitar mayar da asusun dala naira ta yaɗu a Fabrairun 2024, Babban Banki ya fito ya ƙaryata. Kuma abin da ya fi muhimmanci, wanda marubucin bai lura da shi ba, faɗuwar naira ba ta cin dalar da ke asusun gida. Wanda yake da dala 10,000 a reshen Kafanchan lokacin da canji ya tashi daga 460 ya wuce 1,500 a farkon 2024, dala 10,000 ɗinsa na nan, daidai da na wanda ya ajiye a Landan. Irin kuɗin ne ke kare mutum daga faɗuwar naira, ba garin da bankin yake ba.

Marubucin ya kuma zana bankunan waje kamar wurin da kuɗi ba ya ciwon kai. Mutanen Labanan, waɗanda 'yan kasuwar Kano suka daɗe da sani, haka suka ɗauki bankunan Beirut, har 'yan uwansu mazauna Afirka ta Yamma can suke tura ajiyarsu. Daga Oktoban 2019 bankunan suka hana mutane cire dalarsu sai ɗan abin da aka ga dama, a kan farashin da ya cinye mafi yawan darajarta, har ta kai a 2022 wasu na shiga banki da makami don karɓar kuɗinsu na halak. A Saifurus, ƙasar da ke cikin Tarayyar Turai, masu ajiyar da ta haura yuro 100,000 a babban bankin kasuwancin ƙasar sun wayi gari a 2013 an mayar da kusan rabin rarar zuwa hannun jarin da ba su nema ba. Ita kanta Dubai da aka fi ambata, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza daga Oktoban 2022 har zuwa Yulin 2024. Wanda bankinsa ya ce sai ya zo da kansa ya sabunta takardu a wannan tsakani, ba shi da ƙofar shiga.

Buɗe asusun ma ba wasa ba ne. Bankunan can kan nemi izinin zama ko kamfani mai rajista a ƙasar, da lasisin da ake sabuntawa kowace shekara, da wani adadin kuɗi da dole ya zauna a ciki. Fasfon Najeriya kuma na ƙara tsawon bincike. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: dala miliyan 321 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta amince ta dawo da su a 2017, da miliyan 311 da aka dawo da su daga tsibirin Jersey a 2020, duk a asusun waje aka same su. Hukumar FATF mai sa ido kan halasta kuɗin haram ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, ba ta cire ta ba sai Oktoban 2025. A cikin wannan lokaci kamfanin hada-hadar kuɗi na Mercury da ke Amurka ya sanar a 2024 cewa zai rufe asusun masu hulɗa da shi da ke zaune a wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya. Bankin waje na iya sallamar baƙo da wasiƙa ɗaya ba tare da bayani ba. Sirrin da ake kwaɗayi kuma ya ƙare, tunda Najeriya ta shiga yarjejeniyar musayar bayanan asusu tsakanin hukumomin haraji, wadda Ingila da Suwizalan da Daular Larabawa duk suna ciki. Ga kuma batun gado, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ta faru: in mai asusun ya rasu, matarsa da 'ya'yansa a Kagoro ko Kwoi sai sun bi kotun waccan ƙasa da lauyoyinta kafin su taɓa ko kwabo, in ma sun san da asusun ke nan.

Hujjarsa ta ƙarshe, ta fitar da dillalai, ita ce mafi rauni, domin ta nuna bai tsaya ya kalli inda manomi ke asara ba. Ana noman citta don sayarwa a wannan yanki tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, kuma har yau Kaduna ce ke kan gaba a nomanta a Najeriya. Ana shuka da farkon damina, a rufe gona da ciyawa da ganye, a yi ta cire ciyawa da hannu, a haƙe daga wajen Nuwamba. Daga nan mata da yara su zauna da wuƙa suna tsaga ta, irin Tafin Giwa ce ko irin Yatsun Biri, a shanya a kan fa ko a gefen titi cikin hunturu. A nan ake samun kuɗi ko a rasa. Cittar da aka shanya a ƙasa tana kwasar yashi da kashin awaki. Wadda aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin fumfuna kafin ta isa Legas. Mai saye a Jamus ko Holan ko Maroko yana gwada laima da datti da gubar fumfuna da ragowar maganin ƙwari, kuma in kaya suka faɗi gwaji ko ya ƙi su ko ya karya farashi. Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015 saboda maganin ƙwari, ba don manoman wake ba su da asusu a Landan ba.

Dillali kuwa ba asusun dala ne ƙarfinsa ba. Ƙarfinsa shi ne yana da naira a hannu a watan Disamba, lokacin da manomi ke da bashin taki da na 'yan ƙodago, ga Kirsimeti, ga kuɗin makaranta na Janairu. Yana saye da araha lokacin kaka, ya tara a sito, ya tsince, ya sake shanyawa, ya haɗa ɗaruruwan buhuna iri ɗaya har su cika kwantena, ya biya mota zuwa Apapa, ya jure jiran wata biyu ko uku kafin mai saye ya biya. Wasu na cin riba fiye da kima, wannan ba a musu. Amma wanda zai ture shi sai ya iya yin aikin da yake yi, kuma duk aikin nan da naira ake biyansa. Mai haƙa ba ya karɓar dala, mai tsagawa ba ta karɓa, direban tirela ma haka. Kuɗin da aka ajiye a Dubai dole ya dawo kafin damina, kuma a kowace dawowa bankunan da ke tsakani sai sun yanki rabonsu.

Annobar 2023 ta isa ta nuna abin da ya fi gaggawa. A daminar wannan shekara cutar fumfuna ta auka wa gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko, Jema'a da maƙwabtansu, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da kimanin naira biliyan 12. Iri ya yi tsadar da manoma da yawa suka haƙura suka koma kurkum da masara, fitar da citta waje kuma ya faɗi warwas a shekarar da ta biyo. Manomin da ba shi da lafiyayyen iri ba shi da dalar da za a yi gardamar inda za a ajiye ta.

Akwai waɗanda asusun waje ya dace da su, kuma doka ba ta hana su ba: ɗalibi ko ma'aikaciyar jinya 'yar Zonkwa da ke zaune a Ingila tana karɓar albashi a can, ko kamfanin da ya yi girman buɗe reshe da sito a wata ƙasa yana biyan haya da ma'aikata. Ko su, in kaya suka tashi daga Najeriya da fom ɗin NXP, kuɗin kayan gida zai dawo. Mai ciniki da ƙasashen Afirka kuma yana da tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a birnin Accra a Janairun 2022, wanda ke ba mai saye damar biya da kuɗin ƙasarsa mai sayarwa ya karɓi naira, ko da yake har yanzu bai game ko'ina ba.

Ƙungiyar manoman da ke son ta sayar da cittarta kai tsaye ga mai saye na waje, abin da take buƙata duk yana cikin ƙasa: rajistar kamfani, takardar NEPC, asusun kuɗin fitar da kaya a banki mai lasisin canji, da sharaɗin biya mai tsaro, ko dai a biya wani kaso tun kafin lodi ko bankin mai saye ya ba da takardar lamuni. In tana tsoron durƙushewar banki, kamar yadda aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, sai ta zaɓi banki mai ƙarfi, kada kuma ta tara komai a wuri guda. Shugabannin ƙungiyoyin da suka karanta waccan maƙala har suka fara lissafin kuɗin biza da tikitin Dubai, su mayar da kuɗin kan tamfol ɗin shanya, da na'urar gwada laima, da sito mai iska, da iri mai lafiya kafin ruwan Afrilu ya sauka.